Ƙarar Motar Ummaru da Kunnen Baba Folorunsho

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Zulkifli, wanda ya baro Zauro ana tsakiyar yankan shinkafa don ya zauna tare da mu. Mai girma wakilin hakimi. Malamanmu limamai da fastoci. Shugabannin direbobi na tashar Birnin Kebbi da na tashar Argungu. Shugabannin kanikawa, da masu walda, da masu faci. 'Yan'uwanmu masu shagunan kayan mota na nan Nasarawa. Iyayenmu mata masu abinci na bakin tasha, waɗanda in ba don tuwonsu ba da rabinmu iska ya kwashe. Da sauran jama'a maza da mata, na zaune da na tsaye, da waɗanda sunka hau bisa tsofaffin tayoyi don su hango, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da wuni.

Sunana Ummaru, direban bas ne ni, shekara ashirin da shida ina tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ba ni da karatun da ya kai in tsaya gaban irinku, kuma da anka ce ni zan yi jawabin buɗe wagga rumfa na nemi a ba wani. Shugabanmu ya ce a'a, wanda ya ɓata shi ya kamata ya yi bayani. Na duba maganar, na ga gaskiya ce.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana yau. Ina godiya ga ƙungiyoyinmu biyu, direbobi da kanikawa, da sunka haɗa hannu anka gina wagga rumfa ta auna ƙarar mota, anka sa mata na'urori. Ina godiya ga ɗiyarmu Injiniya Fiddausi Abbas, malamar injiniya a nan Birnin Kebbi, wadda ta kawo mana wanga aiki, ta kuma yi haƙuri da taurin kanmu. Sannan ina godiya ga dattijon da ke zaune can kujerar gaba da hularsa a karkace, Baba Folorunsho mai giyabos, don ya yarda ya zo, alhali an gaya mini sau biyu ya ce ba ya zuwa.

Jama'a, akwai maganar da kowa a nan ya sani, amma ba wanda ya furta ta tun da anka buɗe taro. Baba Folorunsho ya ɗaure kaya. Ranar Asabar mai zuwa zai rufe rumfarsa ya koma garinsu can kudu, bayan shekara arba'in da uku a cikinmu. Ba wanda ya kore shi da baki, amma na san abin da ya tashe shi, don ni na jawo shi. Saboda haka maganata uku ce: wane ne wanga mutum, mene ne na yi masa, da kuma abin da awo ya nuna.

Na farko, wane ne shi. Yaran yanzu sun gan shi tsoho mai yawan faɗa, amma mu mun san shi lokacin da ba a buɗe giyabos a ƙasar nan sai an ji ta bakinsa. Giyabos, ga iyayenmu mata da ba su shiga ƙarƙashin mota, shi ne akwatin ƙarfen nan mai cike da ƙafafu masu haƙora, wanda ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi. Baba yana da wata doguwar sukundireba, tsawonta kamu guda. Sai ya ɗora bakinta a jikin akwatin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya ce a taka mai. Kafin ka ƙirga goma ya gaya maka wace giya ce ke ciwo, kuma in an buɗe haka za a tarar. In zai haɗa giya, sai ya kwaɓa bular wanki da giris ya shafa wa haƙoran, ya juya su da hannu, ya duba inda shuɗin ya goge. In ya goge a tsakiyar haƙori, ya ɗaure. In ya goge a gefe, ko gawa za ka ɗauka sai ya kwance ya sake.

Ya zo garin nan saurayi, ya yi aure a nan, ya haifi 'ya'yansa a nan, ya rufe biyu daga cikinsu a ƙasar nan. Hausarsa ta fi ta wasunmu, zaginsa kuwa ya fi na kowa. Ni kaina na sha shi. Da na fara tuƙi ya taɓa kamani ina sa giya ba tare da na taka kuloci sosai ba, ya leƙo ta taga ya ce mini, "Kai yaro, mi motag ga tay yi maka? Gadon ubanka tac ci?" Tun daga ranar ban sake ba, kuma tun daga ranar nake ƙaunarsa.

Dokarsa guda ce wadda duk direba ya haddace: kada a yi walda inda masu mota sunka sa roba. Mu kuwa direbobin wanga yanki muna da wata al'ada da kowa ya sani. Akwai wata roba mai kauri da giyabos ke zama a kanta, tsakaninsa da ƙarfen jikin mota. Zafin garinmu yana cinye ta, ramukan hanya suna tsinka ta, lodin albasa da shinkafa yana murƙushe ta. In ta tsinke sau biyu sai mu ce wa mai walda, cire ta ka sa ƙarfe, ka like, a kashe magana. A tunaninmu ƙarfe ya fi roba ƙarfi, to mene ne abin musu?

Wannan ya kawo ni ga magana ta biyu, wadda ta fi mini nauyi a baki. Daminar bara, ranar kasuwar Gulma, na faɗa wani rami da cikakken lodi. Robar ta tsinke, giya ta biyar kuma ta ji ciwo. Akwai mai walda a bakin hanyar, Hodi, ga shi can yana sunkuyar da kai. Hodi, ɗaga kanka, ba ka da laifi, abin da na sa ka shi ka yi, har ma ka tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Ya sa ƙarfe a madadin roba, na lallaɓo zuwa Argungu. Da na tashi kai gyaran giya, sai na tuna in Baba ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga waldar nan, sai duk Nasarawa ta ji sunana. Don haka na sa anka sauke giyabos ɗin a tashar Argungu, na ɗoro shi a bayan wata mota, na kawo masa shi kaɗai. Ya gyara, na mayar, anka ɗaura.

Daga ranar motata ta fara kuka. Ba ƙarar lalacewa ba, wani siririn kuka ne mai shiga ƙwaƙwalwa, wanda ke tasowa in na kai gudun tamanin. Fasinja na baya ba ya jin na gaba. Mata masu goyo sunka daina shiga, don jarirai ba su barci. Na ƙara muryar rediyo har lasifika ta fashe, na zuba baƙin mai mai kauri, na shimfiɗa buhunan shinkafa a ƙasan motar, duk a banza. 'Yan tasha sunka sa mata suna Mai Guɗa. Ni kuwa ko sau ɗaya zuciyata ba ta kai ga waldar ba, wallahi ba ta kai ba. Na ce hannun Baba ne.

Sau uku ina sauke akwatin nan ina kawo masa, sau uku yana buɗewa yana shafa bula yana cewa bai ga komai ba. A na ukun ya ce, "Tai ka ɗauro shi ka zo da motar, in shiga in jiya da kunnena." Na kawo ta cike da fasinja, na tsaya a bakin titi don kada ya samu sararin leƙa ƙasa. Ya zauna kusa da ni, munka kama hanyar Argungu. Na kai tamanin, kukan ya cika motar, wata tsohuwa a baya ta toshe kunne da gyalenta. Na dubi Baba. Ya karkata kai, ya rufe ido, ya daɗe. Sannan ya buɗe ido ya ce a hankali, "Ummaru, taka mana, har yanzu ban jiya komi ba."

Motar ta kwashe da dariya. Mutum goma sha takwas, har da ni. Shi bai yi dariya ba. Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya gane abin da ya faru, ya juya ya kalli gonaki har munka isa Argungu.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma na ɗauki labarin na kai tasha, na ba da shi a wurin mai shayi, na ba da shi a layin lodi, har ina kwaikwayon yadda ya karkata kai. Na ce kunnen Baba ya mutu, hannunsa ya bi shi. Kun ji daga bakina, wasunku kun yi dariya, wasunku kun kai gaba. Cikin wata uku rumfar da a da sai ka bi layi ta koma wurin kwanan awaki. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ci da kunnensa ya yarda cewa ya ƙare, kuma ya yarda cewa shi ya ɓata mini mota. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, jama'a: har aike ya yi mini yana ba ni haƙuri.

Na uku, abin da awo ya nuna. Injiniya Fiddausi takan shiga motata duk Juma'a za ta gaida mahaifiyarta a Argungu. Wata rana na ga ta sunkuya ta ɗora wayarta a ƙasan motar, tana kallo, tana cewa in rage gudu, in ƙara. Da munka sauka ta ce, "Kawu Ummaru, ara mini motag ga wuni guda, da kai da ita, kuma a kira Baba Folorunsho." Na ce mata, ɗiyata, tsohon nan ai ba ya ji. Ta ce, "Ba kunnenshi nika so ba, Kawu, abin da ag ga kanshi nika so."

Ta zo da wasu 'yan na'urori, kowacce ba ta wuce ƙwayar goro ba, masu maganaɗisu a gindi. Ta manna ɗaya a jikin giyabos, ɗaya a ƙasan motar daidai ƙafata, ta rataye abin ɗaukar murya kusa da kunnena, ta jona su duka da kwamfuta. Ta yi mana bayani, kuma zan maimaita shi yadda na fahimta, in na karkace ta gyara mini. Ta ce ƙara ba aljani ba ce, girgiza ce, kuma girgiza tana ƙirguwa. Duk ƙarar da ke damun mutum a cikin mota, a yi mata tambaya uku: a ina aka haife ta, wace hanya ta biyo, ta ina ta fito. Ta ce mu direbobi da kanikawa tambayar farko kaɗai muke yi, shi ya sa muke ta buɗe abin da lafiyarsa lau.

Ta ce kowace giya a duniya tana ɗan kuka, ko sabuwa ce fil, don duk lokacin da haƙori ya haɗu da haƙori sai sun ɗan dannu sun saki. In ka san sau nawa giya ke juyawa a sakan guda, ka san yawan haƙoranta, to ka san muryarta, ba za ka haɗa ta da ta wata ba. A gudun tamanin, ta ce, sandar da ke shiga giyabos tana juyawa sau hamsin a sakan. Saura yawan haƙora. Ta ce sai an buɗe an ƙirga. Baba yana zaune a baya. Ta rubuta masa tambayar a takarda. Ya duba, ya ce, "Ashirin da ukku. Ba sai kin buɗe ba." Ta buga lissafi, hamsin sau ashirin da uku, dubu ɗaya da ɗari da hamsin. Munka hau hanya, na kai tamanin, sai ga wani layi ya miƙe tsaye a fuskar kwamfuta, daidai kan dubu ɗaya da ɗari da hamsin, ko ɗaya bai kauce ba.

Na ce to shi ke nan, ga shaida, giyar da ya haɗa ce. Ta ce, "Kawu, haƙuri, tambaya guda munka amsa." Ta nuna mana tsawon layin da ke fitowa daga jikin giyabos, ta ce wannan kukan ƙanƙane ne, irin na giyar da ta zauna daram, ta auna motoci da yawa ba ta cika ganin mai natsuwarsa ba. Sannan ta nuna na ƙasan motar. Ta ce a ƙa'ida wannan bai kamata ya kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, don akwai roba a tsakani, aikinta ta shanye girgiza kafin ta shiga jikin mota. Amma ga su nan kusan kai ɗaya. Girgizar tana tsallakawa gaba ɗayanta, ta shiga faffaɗan ƙarfen da muke takawa, shi kuma ya amsa kamar fatar ganga, ya cika mana kunne. Ta rufe kwamfuta ta ce in tsaya. Ta shimfiɗa kwali a bakin hanya, ta shiga ƙarƙashin motar da hijabinta. Ba ta yi minti guda ba muryarta ta fito: "Kawu Ummaru, ina robar?"

Jama'a, na sha shiga kunya a rayuwata, amma ban taɓa son ƙasa ta buɗe in shige ba irin ranar. Baba ya sauko, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya leƙa, ya sa yatsa ya shafa waldar. Na tsaya ina jiran zagin da na guje wa wata shida, kuma wallahi da ya zage ni da na ji daɗi. Bai zage ni ba. Ya miƙe ya kaɗe wandonsa, ya ce wa Fiddausi ta sake buɗe masa hoton nan. Ya daɗe yana kallon gajeren layin, na giyar da ya haɗa da hannunsa. Ya ce, "Wanga shi na aikina?" Ta ɗaga masa kai. Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya koma mota ya zauna.

Washegari anka yanke waldar, anka sa sabuwar roba. Giyabos ɗin ba a taɓa shi ba, ko ƙusa guda ba a kwance a cikinsa ba. Yau wata biyu ke nan, kuna iya tambayar masu goyo, jarirai na barci tun daga nan har Argungu.

To 'yan'uwana direbobi, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Robar nan da muke raina ba don ado anka sa ta ba, kuma taushinta shi ne aikinta. Kada ku like ta, kada ku yanko tsohuwar taya ku cusa a gurbinta. In mota ta yi kuka, ku kawo ta nan da ƙafafunta huɗu, kada ku yanko gaɓa guda ku kawo, kuma ku faɗi duk abin da kunka yi mata a hanya, ko da za a yi muku faɗa. Rediyo ba ta gyara mota, buhu ba ya gyara mota. A auna, a ƙirga, a san inda ƙarar ta fito da hanyar da ta biyo, sannan a ɗauki sifana. Ku kuma 'yan'uwana kanikawa, kada ku ji tsoron wagga na'ura. Injiniya ta faɗa da bakinta, na'urar tana nuna layi ne kawai, ba ta san haƙora nawa ke cikin akwati ba, ba ta san yadda ake shafa bula ba, ba ta iya ɗaure komai. Ta ce rumfar nan tana buƙatar mutumin da ya san cikin kowane giyabos da ke yawo a Kebbi, kuma mutum guda ta sani.

Na je gidansa sau huɗu ina roƙonsa ya fasa tafiya. Ya ce ya yafe mini tun a bakin hanya, amma gari ya riga ya yi masa dariya, kuma wanda anka yi wa dariya a cikin sana'arsa gara ya tafi da sauran mutuncinsa. Na ga gaskiyarsa, don dariyar a gaban jama'a anka yi ta, ni kuwa a zaure nake ba da haƙuri.

Baba, yanzu ga ni a gaban jama'a. Na san rabin abin da na faɗa bai kai kunnenka ba, duk da wagga lasifika, don haka ba zan ƙara maka surutu ba. Jama'a, ina roƙon alfarma guda, da izinin shugaban taro. Duk wanda Baba Folorunsho ya taɓa haɗa wa giya ta kai shi gida lafiya, ya miƙe tsaye. Duk wanda ya koyi riƙon sifana a rumfarsa, ya miƙe. Duk wanda ya ji labarin nan daga bakina ya yi dariya, ya miƙe tare da ni. Duk wanda ba ya son ya wuce nan ranar Lahadi ya ga rumfar can a rufe, ya miƙe.

Alhaji, har da kai? Allah Ya ƙara girma. Iyayenmu mata, na gan ku. Hodi, ai kai tun ɗazu kake tsaye.

Baba, kai zauna, kada ka tashi. Juya kawai ka duba bayanka. Duba har bakin titi.

Ku ba shi lokaci, jama'a. Ku bar shi ya goge fuskarsa, ƙura ce ta gareji.

Yana kiran Injiniya. Ɗiyata, matsa kusa, mi yac ce? Faɗa mini in faɗa wa mutane.

To. Jama'a, ga saƙon Baba Folorunsho. Ya ce a gaya wa Ummaru ya cika surutu. Ya ce ɗazu da na shigo da motar ya jingina da ita tana kunne, kuma ya ji wani abu a tafin hannunsa da bai gamshe shi ba. Ya ce in kawo masa ita, gaba ɗayanta, ranar Litinin da safe.

Litinin, jama'a. Ku zauna, ku zauna, na gode muku. Baba, ƙarfe bakwai ina ƙofar rumfarka.

Allah Ya sa wa wagga rumfa albarka, Ya sa ta amfani na kusa da na nesa. Allah Ya ƙara wa Baba Folorunsho lafiya da tsawon rai a cikinmu, Ya ƙara wa ɗiyarmu Fiddausi ilimi mai amfani, Ya jiƙan iyayenmu da sunka riga mu. Allah Ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu a kan hanya, Ya ba manomanmu damina mai albarka, Ya kiyaye harsunanmu daga taɓa mutuncin bayinSa. Allah Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.